Baƙin Ɗigo

Shafi na 17

Masu bina ta bayan fage kuna cewa na bar ku tsaye a bakin ɓallalliyar ƙofa tun ranar Talata, na ji, ku yi haƙuri, ni ma da goyo a bayana nake wannan rubutun. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Maijego sakarya ce, ban ce ba ki da gaskiya ba. Karanta wannan shafin tukuna.

*

Kafinta ya sake dukan ƙusa.

Maijego ta runtse ido. Tun da suka dawo daga asibiti da hantsi mutumin nan yake durƙushe a bakin ƙofar falo yana gyaran makullin da aka ɓalle jiya, kuma duk dukan da zai yi sai ta ji shi a bayan idonta na hagu. Ciwon ɓarin kai haka yake. Ko bayan ya sake ka, sai ya bar maka kai kamar ɗanyen ƙwai, ka wuni kana lallaɓa shi.

Ba ta ce a daina ba. Yau ba ranar da za ta buɗe baki ta ce wani abu yana damunta ba ce.

A ƙasa take zaune kan kafet, da filasta a goshi. Hajiya, uwar mijinta, ta hakimce a kan doguwar kujera da jaririyar a cinya. Shigowarta ke da wuya ta sa aka yaye labulayen falon gaba ɗaya, wai gida ya koma rami. Wata biyu rabon da rana ta shigo ɗakin nan haka. Ga kuma turaren Hajiya, mai ƙarfin nan da ke riga ta shiga ɗaki.

Amma ba rana ko turare ne suka hana Maijego sakat ba. Jakar da ke gefen ƙafar Hajiya ce. Jakar Tsuntsuwa ce, 'yarta mai sati tara, an cika ta da kaya an zuge. A samanta an ɗora sabon gwangwanin madarar jarirai, ko ledarsa ba a cire ba.

Ba wanda ya ce mata komai game da jakar tukuna. Ba sai an faɗa ba.

"Dubu huɗu da ɗari shida," in ji Yaya Babba, yayar mijin, ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. "Mutanen da suka tura hotonki ke nan. Da safe dubu uku ne. Har wata da rabona da ita tun muna firamare ta kira ni, wai ashe matar ƙaninki farfaɗiya take yi?"

"Ba farfaɗiya ba ce, Yaya."

"Ni na ce? Mutane ke faɗa. Ji wannan: 'Matan yanzu, suna danna waya jariri na kuka.' Ji wata kuma: 'Ina mijin yake, ko shi ma a guruf aka samo shi?'"

Injiniya, mijinta, ya motsa a jikin bangon da yake jingine. Kayan aikinsa na jiya ne har yanzu a jikinsa, da maiƙo a gwiwar wandon. Daga saman ƙarfen sadarwa aka sauko da shi, bai ko biya gida ba sai asibiti. Tun jiyan bai yi mata faɗa ba, bai kuma kalle ta ido cikin ido ba. Da faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi.

"To ni dai a yi min bayani dalla-dalla," in ji Hajiya tana jijjiga ƙafa. "Wace ce wannan da ta watsa hoton surukata a duniya? 'Yar uwarki ce?"

"A'a, Hajiya."

"Abokiyar aikinki ce a asibitin?"

"A'a."

"Kin taɓa ganin ta da idonki?"

"Ban taɓa ba."

"Ikon Allah."

Ta ina za ta fara? Ɗakin Duhu suke kiran guruf ɗinsu na waya. Su talatin da ɗaya ne, duk masu jego ko goyo, duk masu ciwon ɓarin kai, yawancinsu suna hutun haihuwa, kowace a garinta, kowace ita kaɗai daga safe har mijinta ya dawo. Ba a dogon rubutu a ciki, don hasken waya soka ido yake. Saƙon murya ake turawa, shi ma cikin raɗa. Babbar dokarsu ɗaya ce. Idan alamar ciwon ta zo miki kina ke kaɗai da jariri, ki ajiye shi a gadonsa, ki tura baƙin ɗigo guda ɗaya. Wadda ke gadi a ranar za ta kira ki, ta zauna a kan layi. Ba sai an yi hira ba, ta dai riƙa jin numfashinki. Idan ta kira ki sau uku ta ji shiru, sai ta buga lambar gaggawar da kika bayar ranar da kika shiga.

Jiya da rana Maijego ta bi dokar tsaf. Ta kwantar da Tsuntsuwa a gadonta, ta tura ɗigon. Maman 'Yan Biyu ce ke gadi, ta kira nan take. Sai amai ya taso wa Maijego, ta lallaɓa banɗaki, jiri ya kwashe ta, goshinta ya daki bakin baho. Daga nan ba ta san komai ba.

Maman 'Yan Biyu ta ji faɗuwar. Ta ji Tsuntsuwa ta farka tana tsala kuka. Ta buga lambar gaggawa, a kashe. Ta sake, a kashe. Ba ta san unguwar ba, ba ta san sunan mijin ba. Sai ta ɗauki hoton da ke kan lambar Maijego ta saka a kowane shafi da ta sani, tana roƙon duk wanda ya san matar nan ya je gidanta yanzu. Wata mai kawo ɗinki ce ta nuna wa Yaya Babba a shagonta. Kafin a tara maƙwabta a ɓalle ƙofa, an yi awa ɗaya da kwata.

Maijego ta yi bayanin nan iya ƙoƙarinta, a hankali, kanta a ƙasa. Har kafinta ya dakata da guduma yana saurare.

"Wato," in ji Hajiya, "wata can a wani gari, da waya a kunne, ita ce mai renon jikata."

"Ba reno ba ne, Hajiya. Gadi ne."

"Gadi! To ga amfanin gadin nan a goshinki. Ni tun ba yau ba nake faɗa, ciwon kan nan na waya ne. Mutum ya wuni yana ƙura wa ƙarfe ido, ina kai zai zauna lafiya?"

Shekara goma sha biyu take da ciwon nan, tun kafin ta mallaki waya. Ta faɗa sau ɗaya, ta faɗa sau biyu, har ta gaji da faɗa.

"Malam, bar aikin nan haka," in ji Injiniya. "Ka dawo da la'asar."

Kafinta ya tattara kayansa ba don ya so ba, ya jawo ƙofar da ba ta rufuwa. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace sannan Injiniya ya yi magana, kuma wannan ce maganarsa ta farko da ita tun jiya.

"Lambar wa kika ba su?"

Ta ƙura wa kafet ido.

"Matar ta rubuta a ƙasan hoton," ya ce. "Ta ce ta buga sau ashirin da bakwai. Ta sa lambar, ko wani zai gane mai ita. Na gane ta. Da ita nake kiran ki kafin mu yi aure."

Bai jira amsa ba. Ya shige ɗaki. Suna jin ya jawo durowar madubi, yana birkita tarkace. Ya dawo da tsohuwar wayarta mai fasasshiyar fuska, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya ajiye a kan teburin tsakiyar falo. Shekara biyu rabon da a kunna ta.

Yaya Babba ta tafa hannu. "La'ilaha! Lambar kanki kika bayar? A kira ki a gaya miki kin suma?"

"Sun ce dole sai an ba da lamba," in ji Maijego. "Ba sa shigar da mutum sai da ita."

"Tawa fa?" in ji Injiniya.

"Kana saman ƙarfe kullum."

"Sai me?"

"A kira ka kana can sama, hannu ɗaya a igiya, a ce ga matarka a ƙasa. Ta ina za ka sauko? Na yi tunanin..."

"Ta Yaya fa? Shagonta minti goma ne daga nan. Ita ma a saman ƙarfe take ɗinki?"



Maganar ƙarfen gaskiya ce, amma rabin gaskiyar ce, kuma ya sani. Ragowar rabin tana nan zaune a kan doguwar kujera. Ranar da ta haihu, tana kwance bayan labulen asibiti, ta ji Hajiya tana ce wa Yaya Babba a hankali, "Wannan mai ciwon kan, anya za ta iya riƙon yaro kuwa?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Amma tun daga ranar Maijego ta ƙudurta a ranta ba wanda zai ga gazawarta. Da aka ce ta dawo gidan Hajiya ta yi hutun a can, ta ce za ta iya. Da aka ce a samo mata mai taya ta, ta ce ba sai an yi ba. Taurin kai ne, ni ma na sani. Amma duk wadda aka taɓa auna ta a bayan labule ta san irin wannan taurin kan.

"Na gaya maka sau ɗaya," ta ce. "Tana da sati biyu. Na ce maka abin ya dawo."

"Me na ce?"

"Ka ce in sha ruwa in kwanta. Ka ce in rage waya."

Ya tuna. A gajiye ya shigo ranar, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"To ya isa," in ji Hajiya. "Ba shari'a muka zo yi ba. Ke 'yar nan, ɗago ki dube ni."

Ta ɗago. Hasken taga ya soke ta.

"Ni ba maƙiyiyarki ba ce. Amma ke ba ki ga abin da muka gani jiya ba, kina kwance. Yarinyar nan ta yi kuka har murya ta ƙare. Bakinta a buɗe, ba sauti. Fuskarta ta koma wani iri. Ni na ɗauke ta. Na haifi bakwai, ban taɓa ganin jariri yana kuka ba murya ba sai jiya."

Hawayen da Maijego take dannewa tun safe suka zubo. Wannan ba ta sani ba. Ba wanda ya gaya mata.

"Likita ya faɗa a gabana," Hajiya ta ci gaba, "akwai maganin da kike sha kafin ki samu ciki, wanda ke yi miki aiki. Saboda shayarwa aka hana ki. Haka ne?"

"Haka ne."

"Wanda aka ba ki yanzu fa?"

"Yana ɗan ragewa."

Ƙarya ce. Kamar ka watsa wa gobara kofin ruwa ne.

"To magana ta ƙare. Ga madara nan. Zan tafi da ita gidana, ke ki koma kan maganinki ki samu kanki. Kullum kina iya zuwa ki gan ta. Dama nan da sati uku hutunki zai ƙare, ki koma gwajin jininku, wa za ki bar wa ita? Gara ta saba da ni tun yanzu."

"Hajiya, sati ukun nan su kaɗai suka rage min."

"Su kaɗai suka rage mata ita ma, in aka sake irin ta jiya."

"Ba ta karɓar madara a bulumboti. Na gwada, tofarwa take yi."

"Yunwa za ta koya mata."

"Don Allah, Hajiya. Don girman Allah."

"Ba raba ki da ita na ce zan yi ba. Har ki warke na ce."

Har ta warke. Ciwon da ba a warkewa, sai dai a yi ta zama da shi kamar mugun maƙwabci. Idan sai ta warke za a dawo mata da Tsuntsuwa, to an gama magana. Nono zai ƙafe cikin sati ɗaya. Za ta koma mai zuwa ganin 'yarta da yamma da leda a hannu.

Ta juya wajen mijinta. Shi kaɗai ya rage mata.

Injiniya ya baro jikin bango, ya durƙusa a gabanta. Idanunsa sun yi ja, bai runtsa ba.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Ki gaya min gaskiya, ni kuma zan san abin da zan ce wa Hajiya."

Ta gyaɗa kai.

"Sau nawa?"

"Sau nawa me?"

"Kin gane. Sau nawa abin nan ya kama ki kina ke kaɗai da ita?"

Ta kalli jakar. Ta kalli gwangwanin. Ta kalli ɗan ƙaramin tafin ƙafar da ya leƙo daga cikin tawul a cinyar Hajiya.

"Jiya ne kawai ya yi tsanani," ta ce. "Sauran ɗan sarawa ne, sau biyu ko uku. Ba abin da ke hana ni komai."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, irin ta mutumin da yake son ya yarda.

"Hajiya," ya ce, "in dai sau ɗaya ne, tsautsayi ne. Kowa yana iya zamewa a banɗaki. Ni ina ganin..."

Wayar Yaya Babba ta yi ƙara.

"Kun ga 'yar halak," ta ce. "Mai gadin ce. Jiya muka yi musayar lamba, tun safe take tambayar jikinki. Saƙon murya ta turo, har minti uku."

"Yaya, bari sai an jima," in ji Maijego da sauri.

"A'a, sa mana mu ji," in ji Hajiya. "Ina son in ji muryar mai renon nan."

Yaya Babba ta ƙure sautin, don matar raɗa take yi. Dukkansu haka suke magana, ko da lafiyarsu ƙalau, ya zame musu jiki.

"Salamu alaikum, Yaya. Ni ce Maman 'Yan Biyu. Ku yi haƙuri da maganar hoton, wallahi ban da wata dabara ne. Na ga abin da mutane suke rubutawa, tun jiya ban ci abinci ba. Na ce bari in roƙe ku, don Allah kar ku ga laifinta. Ku ba ku san irin ƙoƙarin da baiwar Allahn nan take yi ba, mu muka sani."

Maijego ta ɗora hannu a ka.

"Wannan ne karo na goma sha ɗaya da muka yi mata gadi. Muna rubutawa, na duba. Goma sha ɗaya a sati bakwai, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yin sakaci ba. Da ta ga alama take ajiye yarinyar. Akwai ranar da abin ya zo mata tana tsakiyar yi mata wanka, ido ya rufe, hannu ɗaya ya mutu. Ni ce a layi. Da ƙafa ta tuntsurar da robar wankan don ruwan ya zube, ta zauna a ƙasa cikin ruwan ta rungume ta a tawul. Awa biyu tana zaune a wurin, tana amai a gefe, ba ta sake ta ba. Ina jin tana yi mata waƙa. Wallahi ni da nake da biyu ban kai ta ba. Ku gaya wa maigidanta ya gode wa Allah da irin matar da ya samu. Shi ke nan, kaina ya fara, sai an jima."

Saƙon ya ƙare.

A waje wata mota ta wuce tana hon.

Baiwar Allah. Da zuciya ɗaya ta yi, don ta wanke ƙawarta. Da maƙiyi aka aiko da bai yi aikin da ta yi ba.

"Goma sha ɗaya," in ji Yaya Babba a hankali. Yau ko ita ba ta da abin ƙarawa.

Hajiya ta ƙara ƙanƙame jaririyar. "A cikin ruwa," ta ce. "Inna lillahi. A cikin ruwa."

Injiniya yana nan durƙushe inda yake.

"Ranar Laraba ce," ya ce. "Na dawo na tarar da banɗaki jagab, tabarmar ƙofa tana ɗiga. Kika ce min santsi ne ya kwashe robar."

"E."

"Na yi dariya. Na ce ke da ɓarna."

"E."

"Yanzun nan na tambaye ki. Yanzun nan, ina kallon idonki."

"Da na ce goma sha ɗaya, da ka ce me?"

Idonsa ya sauka a kan jakar.

"Ka gani," ta ce. Kukan ya tafi, gajiya ce kawai ta rage. "Da ka ɗauki jakar da hannunka."

"Mata talatin," ya ce. "Mata talatin da ba su san ƙofar gidan nan ba sun san abin da ke faruwa a banɗakina. Ni da nake kwana a ciki ban sani ba. Me na yi miki haka?"

"Ba ka yi min komai ba."

"To me ya sa su?"

"Su ba sai na yi musu bayani ba. Ɗigo ɗaya nake turawa. Ba wadda za ta ce in sha ruwa, ba wadda za ta ce raki ne. Kai kana dawowa a gajiye, ƙafarka a kumbure. In tare ka da me? In ce yau ma na kasa?"

"Ai ba kasawa ba ce."

"Jiya da ka faɗi haka da na ji daɗi."

Ya sunkuyar da kai. Tsuntsuwa ta motsa ta fara ɗan kukanta na yunwa, a dishe, kamar ana murza takarda. Nan take Maijego ta ji rigarta ta jiƙe.

Injiniya ya miƙe. Ya je gaban mahaifiyarsa ya russuna, ya miƙa hannu biyu. Hajiya ta dube shi, ta dubi hannun, sannan ta ba shi yarinyar.

"Hajiya, ki ba mu sati ɗaya."

"Babana, kana cikin hankalinka?"

"Zan nemi hutu a wurin aiki. In ba su ba ni ba, Yaya ta riƙa zuwa da ɗinkinta nan. Lambata zan ba su, da ta Yaya, da taki in kin yarda. Gobe mu koma wurin likita a sake duba maganin. Laifin nan ba nata ba ne ita kaɗai."

"Ta yi maka ƙarya yanzun nan a gabana."

"Na ji."

"Gobe ma za ta yi. Ba don mugunta ba, don tsoro. Mai tsoron a karɓe mata ɗa ba ta faɗin gaskiya, ni uwa ce, na sani. Kana banɗaki abin zai zo mata, ta ce maka lafiya lau."

"Ba zan ƙara ba, Hajiya," in ji Maijego. "Na rantse."

Hajiya ta dube ta tun daga filastar goshi har ƙafa. Ita ma tsohuwar ta gaji, a kujerar asibiti ta kwana.

"Yanzu yaya kan?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi ko lafiya lau?"

"Lafiya lau."

"To tashi. Tashi ki karɓi 'yarki, ki kai ta ɗaki da ƙafarki ki ba ta nono, ina kallo. In kin yi haka na ba ku satin. In ɗauki mayafina in tafi, ni ma bayana ciwo yake."

Yaya Babba ta saki baki. Injiniya ya juyo da sauri, fuskarsa ta saki a karo na farko tun jiya.

Maijego ta dafa kujera ta miƙe.

A nan ta gan shi.

Alamar ciwon. Ɗan ƙyalli ne, ƙarami, a gefen dama, daidai kafaɗar mijinta. Ta ƙifta ido. Yana nan. Ta sake ƙiftawa. Ya fara buɗewa, gefensa yana rawa kamar haƙoran zarto. Rana, turare, guduma, kuka, rashin barci, duk sun haɗu sun yi aikinsu. Bai taɓa dawo mata kwana biyu a jere ba sai yau.

Taku goma sha huɗu ne daga nan zuwa bakin gado, ta sha ƙirga su da ido a rufe. Akwai kwanar teburi, akwai dokin ƙofa, ƙasan kuma tayil ne. Ainihin ciwon ba zai sauko ba sai nan da minti ashirin. Kafin nan Hajiya ta tafi. Ba wanda zai sani.

"Karɓe ta mana," in ji Injiniya yana murmushi. Rabin murmushin kawai take gani.

Ta ɗaga hannuwanta. Na hagu ya tashi. Na dama ma ya tashi, amma yatsun kamar na wani ne, ba ta jin su.

Ya matso. Tawul ɗin ya taɓa tafinta. Ta ji ɗumin 'yarta, ta ji ƙamshinta, ta ji ya fara sassauta riƙonsa. Ta duba inda kan yarinyar ya kamata ya kasance. Ba komai a wurin sai ƙyalli.

"Kar ka sake ta."

"Me?"

"Abban Tsuntsuwa, kar ka sake ta." Ta janye hannuwanta ta ɓoye su a bayanta. "Ya dawo. Ba na ganin ta."

Jaririyar ta ci gaba da disasshen kukanta.

Ta ji kujera ta yi ƙara. Ta ji takun Hajiya a kan tayil, ɗaya, biyu, uku, har turaren ya tsaya dab da su.

"Ka ji da kunnenka, Babana," in ji Hajiya. "Miƙo min ita."